Wa Ke da Ikon Tsayar da Wasa? Lacca a kan Hukumomin Kula da Dambe



Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu, 'yan jarida masu bin labarin wasanni, ɗalibai, da 'yan'uwa ma'abota dambe da kokawa da nake hangowa a can baya, barkanku da zuwa.

An nemi in yi bayani a kan yadda gwamnati take kafa hukumar da za ta sa ido a kan wasannin faɗa, wato dambe da kokawa da danginsu, da kuma irin mutanen da ake zubawa a cikinta. Yawancin misalaina daga Amurka zan ɗebo su. Ba wai don sun fi kowa iya naushi ba. Dalili shi ne gwamnatocin jihohinsu sun haura shekara 100 suna riƙe da wannan aiki da hannunsu, kuma ɓarnar da suka tafka a hanya tana nan a rubuce, wata ma a gaban alƙali aka tone ta. In mun gama da su sai mu juyo gida.

Me ya sa gwamnati take tsoma hannu a harkar dambe fiye da yadda take yi a ƙwallon ƙafa? A ƙwallo, rauni tsautsayi ne. A dambe kuwa shi aka zo nema: ka bugi kan mutum har ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. In ka yi haka a bakin kasuwa, wurin 'yan sanda za ka kwana, ko da wanda ka buga ya rantse da yardarsa aka yi. Izinin hukuma ne kawai ya raba naushin kasuwa da na dandamali. A ƙarni na 19 yawancin jihohin Amurka sun haramta damben kuɗi, sai a ɓoye ake yi, a kan jirgin ruwa ko a wata gona da ke bakin iyaka, don in 'yan sanda sun taho a tsallaka. To, ranar da jiha ta ce ta halatta, ta ɗauki alhakin duk abin da zai faru a cikin igiyoyin nan, kuma tilas ta nemo waɗanda za ta ɗora wa.

Jihar Niyok ce ta fara gwadawa da gaske. A 1911 majalisarta ta yi dokar da ake kira dokar Frawley, ta kafa hukuma mai mutum 3. Dokar ta ƙayyade turmi 10, ta kuma hana a bayyana wanda ya yi nasara in dai ba kisa aka yi ba, wato a sumar da mutum, wai don a karya lagon 'yan caca. 'Yan caca ko gezau. Suka koma jiran jaridar washegari, duk wanda marubutan wasanni suka ce ya fi, shi ya ci. A 1917 aka soke dokar. Sai a 1920 wani sanatan jihar, James Walker, wanda daga baya ya zama magajin garin Niyok, ya kawo sabuwa, Gwamna Al Smith ya sa hannu. Daga wannan doka sauran jihohi suka kwafa. Ta yarda a yi har turmi 15, ta yarda alƙalai su ba da nasara, ta wajabta likita a wurin, sannan ta zo da makamin da ya fi duk sauran kaifi, wato lasisi. Ɗan dambe, manajansa, masu tsaya masa a kusurwa, alƙalin wasa, mai shirya wasan, kowa sai da takardar hukuma, kuma wadda ta bayar tana da ikon ƙwacewa.

Nevada, jihar da Las Vegas take ciki, ta ƙofar kuɗi ta shigo, ba ta kuma ɓoye ba. A 1897 ta halatta damben kuɗi musamman domin a kawo karawar Corbett da Fitzsimmons garin Carson City, baƙi su zo su zubar da abin aljihunsu. Hukumar kuwa sai a 1941 aka kafa ta. Ku riƙe wannan, don za mu sake karo da shi: jihar da take sa ido a kan dambe ita ce dai jihar da take kwaɗayin a kawo mata damben.

Yanzu su wa ke zaune a kan kujerun? A Nevada mutum 5 ne, gwamna ke naɗa su, wa'adin kowa shekara 3. A Niyok da mutum 3 ne, aka mai da su 5 a 2016, gwamna ya zaɓa, majalisar dattawan jihar ta amince. Kalifoniya, wadda masu zaɓe suka kafa tata hukumar da ƙuri'arsu a 1924, ta fi su tsantseni. Mutum 7 ne, gwamna ya kawo 5, majalisar dattawan jiha ta kawo 1, kakakin majalisar wakilai ya kawo 1, don kada duk su zama yaran mutum ɗaya. Dokarta ta nemi a yi ƙoƙari a samu likita a cikinsu, da wanda ya san harkar kuɗi, da wanda ya san tsaron jama'a, da wanda ya taɓa yin wasan ko aikinsa. Ta kuma hana a naɗa mai shirya wasa ko manaja ko alƙalin maki matuƙar yana riƙe da lasisi, ko bai cika shekara 2 da ajiyewa ba.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne yawancin waɗannan kwamishinoni ba wannan ne aikinsu ba. Lauyoyi ne da 'yan kasuwa da likitoci, suna da sana'arsu, su zo zama lokaci-lokaci a ba su ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. To me ya sa ake rububin kujerar? Saboda ranar babban wasa kwamishina yana sahun farko, kyamara tana haska shi, manyan gari suna neman gaisawa da shi. Gwamna kuwa ya samu wurin ajiye wanda ya taimaka masa a yaƙin zaɓe. Na ga wasunku suna murmushi. E, ba mu kaɗai ba ne.

Siyasa tana iya kawo mutumin kirki, tana iya kawo akasin haka, kuma hukumar Niyok ta ga duka biyun. James Farley, ɗan siyasa ne tsantsa, shi ya jagoranci yaƙin zaɓen Franklin Roosevelt a 1932. Yana shugabancin hukumar a 1926 ya dage cewa zakaran duniya Jack Dempsey sai ya kara da Harry Wills, baƙar fata wanda ya daɗe a sahun gaba ana kewaye shi saboda launinsa. Masu shirya wasa suka ƙi. Suka kwashe karawar Dempsey da Gene Tunney suka kai Philadelphia, inda mutum fiye da 120,000 suka shiga kallo. Niyok ta yi asarar kuɗin, Wills bai samu damar ba har ya bar dambe, amma dai an ga hukuma ta tsaya a kan gaskiya.

Bayan shekara 41, hukumar nan dai ta yi abin kunya. Ranar 28 ga Afrilu 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Biyetnam, bisa dalilin addininsa. A ranar, tun ba a gurfanar da shi a kotu ba, hukumar Niyok ta dakatar da lasisinsa ta tuɓe masa kambu, sauran jihohi suka bi sahu. Babu batun lafiya a nan, babu batun maguɗi, fushin siyasa ne kawai. Sai a Satumban 1970 alƙalin kotun tarayya Walter Mansfield ya ce hukumar ta nuna bambanci, bayan lauyoyin Ali sun zaƙulo jerin mutanen da ta ba lasisi duk da an taɓa ɗaure su kan manyan laifuffuka. Shekara 3 da rabi ya yi ba ya hawa dandamali, daga yana 25 har ya kai 28, lokacin da ƙarfin ɗan dambe yake kan ganiyarsa. Wasansa na farko bayan dawowa a Atlanta aka yi, domin jihar Georgia a lokacin ba ta da hukumar da za ta hana. Abin da na ɗauka a nan shi ne dokar da ta kafa hukuma ya wajaba ta lissafa dalilan da za su sa a ƙwace lasisi, a kuma ba mutum damar kare kansa da ta zuwa kotu. In ba haka ba, an ba mutum 5 ikon yanke wa wani hanyar abincinsa don kawai ba su son bakinsa.

Sai maganar kuɗi. Hukuma tana biyan ma'aikata, tana gwajin jini da fitsari, tana ajiye bayanai. Daga ina? Akasari daga kuɗin lasisi da harajin tikiti. A Nevada, tun 2015, ana cire kashi 8 cikin 100 na kuɗin ƙofa. Ku auna da karawar Mayweather da Pacquiao ta Mayun 2015, wadda kuɗin ƙofarta kaɗai ya haura dala miliyan 70, ban da abin da otal-otal da gidajen caca suka kwasa. Mutumin da zai ce kada a yi irin wannan wasa ba da mai shirya wasa kaɗai yake faɗa ba, da garin baki ɗaya ne. Duk da haka an taɓa yi. A Yunin 1997 Mike Tyson ya ciji kunnen Evander Holyfield, Nevada ta ci tararsa dala miliyan 3 ta soke lasisinsa, sai a Oktoban 1998 ta mayar masa. A Janairun 2002 ya sake tayar da rigima a wurin taron 'yan jarida, kwamishinoni 4 cikin 5 suka ƙi ba shi lasisin karawa da Lennox Lewis. Aka ɗauke wasan aka kai Memphis ta jihar Tennessee, aka yi shi a watan Yuni. Labarin 1926 ya maimaita kansa. A ɗaya gefen kuma, hukumar da ta dogara da tikiti in manyan wasanni suka ƙaurace mata sai ta tsiyace. Ta Kalifoniya saura ƙiris asusunta ya ƙare ƙarƙaf a 2012. Ni a ganina gara kuɗin tikiti ya wuce baitulmali, majalisa ta yanka wa hukuma kasafinta, ta yadda albashin mai hana wasa ba zai rataya a kan wasan da ya hana ba.

A ƙarƙashin kwamishinoni akwai babban darakta, kuma shi ne mai aikin yau da kullum. Shi ke duba takardar kowane wasa ya ga ko an haɗa tsara da tsara, ko kuwa an ɗauko wani gajiyayye ne don yaron mai gida ya ƙara yawan nasarorinsa. Shi ke ba da sunayen alƙalai, shi ke tura sufetoci. Tare da shi akwai 'yan ma'aikatan ofis kaɗan, da kwamitin likitoci masu ba da shawara, da lauya daga ofishin antoni janar na jiha wanda ke gabatar da tuhuma in za a hukunta wani. Ofishin da ke kula da wasannin ɗaruruwan miliyoyin daloli, in kun ga ƙanƙantarsa sai ku riƙe baki.

Matsalar wannan kujera ita ce wanda ya ƙware a kanta, masu shirya wasa sun fi gwamnati iya biyansa. Lorenzo Fertitta ya yi kwamishina a Nevada daga 1996 zuwa 2000. A Janairun 2001 shi da ɗan'uwansa suka sayi kamfanin UFC, mai shirya faɗan nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a kan dala miliyan 2. A cikin shekarar Nevada ta halatta wasan. A 2006 babban daraktan hukumar, Marc Ratner, ya ajiye aiki ya koma kamfanin. A 2016 aka sayar da UFC a kan kusan dala biliyan 4. Ban ce an karya doka ba, kuma gaskiya shigowar irinsu ta taimaka wasan ya samu ƙa'idoji. Amma mai rubuta doka ya kamata ya tambayi kansa: darakta da ya san gobe zai iya neman aiki a wurin wanda yake sa wa ido yau, da wane ido zai dube shi?

Yanzu mu sauko inda nake ganin zuciyar maganar take, wato daren wasa. Kwamishinoni suna sahun farko cikin kwat. Waɗanda ran ɗan dambe yake hannunsu kuwa ma'aikatan wucin gadi ne da ake biya kuɗin dare ɗaya: sufeto, alƙalin wasa, alƙalan maki 3, mai riƙe agogo, da likita.

Sufeto shi ne wanda ba a ganinsa a talabijin. Yana bin ɗan dambe tun shigarsa ɗakin shiri, ya tsaya a kansa ana naɗa masa bandeji a hannu, ya sa hannu a kan naɗin, ya ga an sa safar dambe, ya lura da abin da ake ba shi ya sha, ya raka shi wurin ba da fitsarin gwaji. Ranar 24 ga Janairu 2009 a Los Angeles, ana naɗa hannun Antonio Margarito kafin karawarsa da Shane Mosley, sai mai horar da Mosley, Naazim Richardson, wanda ƙa'ida ta ba shi damar tsayawa ya kalla, ya ce a taɓa masa wani ƙyalle da aka sa a kan gaɓoɓin yatsu. Aka taɓa aka ji shi da tauri. Gwaji ya nuna yana ɗauke da sinadaran da ake samu a filastar ɗaurin karaya. Aka sake naɗi, aka yi wasa, Mosley ya gama da shi a turmi na 9, kuma hukumar Kalifoniya ta soke lasisin Margarito da na mai horar da shi. Ku lura, ba idon hukuma ne ya fara gani ba, idon abokin hamayya ne. Amma ba don akwai sufeto mai ikon cewa a kwance ba, da gardama kawai za a yi. Ƙarshen labarin ma akwai darasi: a 2010 Kalifoniya ta ƙi mayar masa da lasisi, Texas ta ba shi, ya kara da Pacquiao a can. Ku 'yan dambenmu da kuke ɗaura kara, kun fi ni sanin abin da hannu ɗaya da aka yi wa ha'inci zai yi wa fuskar mutum.

Alƙalan maki ba zan daɗe a kansu ba. Hukuma ke zaɓensu, kuma kurensu a bainar jama'a yake fitowa. A Satumban 2013 wata alƙaliya a Nevada, C. J. Ross, ta ba da kunnen doki, 114 da 114, a karawar Mayweather da Canelo Alvarez wadda kusan kowa ya ga Mayweather ya yi rinjaye. Surutu ya yi yawa har ta janye daga aikin. Kuskuren alƙalin maki yana ci wa mutum kambu da kuɗi. Na likita ya wuce nan.

Ranar 2 ga Nuwamba 2013, a Madison Square Garden da ke Niyok, wani ɗan damben Rasha daga Dagestan, Magomed Abdusalamov, ya yi turmi 10 da Mike Perez ya sha kaye da maki. Ya sauko fuska a kumbure, hannu a karye. Likitocin hukuma suka duba shi a ɗakin shiri, ba su sa shi a motar asibiti ba, alhali tana nan a wurin. A tasi aka kai shi. Ashe jini yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. An yi masa tiyata, ya daɗe a sume, ya farfaɗo ɓarin jikinsa ya shanye. A 2016 babbar mai binciken ayyukan gwamnatin jihar ta fitar da rahoto mai zafi a kan yadda ake tafiyar da hukumar, a 2017 kuma jihar ta amince ta biya iyalinsa dala miliyan 22. Akwai doka, akwai hukuma mai shekara 93, akwai likitoci, akwai mota. Abin da babu shi ne tsayayyen tsarin wa zai ce a ɗauke shi yanzu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jihar da ta karɓi harajin tikiti ba ta da bakin cewa ba ruwanta.

Shi ya sa in an ba ni dokar wata hukuma, ba yawan kwamishinoni nake fara dubawa ba. Ina neman sashen likita. Wa ya ɗauke shi, wa ke biyansa, kuma yana da ikon tsayar da wasa da kansa, kamar yadda dokar Niyok ta ba shi, ko kuwa sai dai ya raɗa wa alƙalin wasa shawara, kamar a wasu jihohi? Likitan da mai shirya wasa ya gayyato ya kuma sallama daga aljihunsa, zai yi nauyin baki a turmi na 8 lokacin da 'yan kallo suka miƙe tsaye.

Da yake kowace jiha da tata hukumar, majalisar tarayya ta shigo a 1996 da dokar kare lafiyar 'yan dambe, wadda Sanata John McCain ya jagoranta. Ta wajabta gwajin lafiya kafin wasa, likita a bakin dandamali, motar asibiti ko ma'aikata da kayan ceton rai, inshorar rauni, da katin shaida ga kowane ɗan dambe. Ta ce wanda wata jiha ta dakatar saboda an sumar da shi, sauran jihohi su mutunta. A 2000 aka ƙara da dokar da aka sa wa sunan Muhammad Ali, mai kare su daga kwangilar zalunci. Birtaniya kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Hukumar dambenta, da aka kafa a 1929, ba ta gwamnati ba ce. Amma da Michael Watson ya samu raunin ƙwaƙwalwa a karawarsa da Chris Eubank a 1991, ba a kuma tanadi kayan ceton gaggawa a wurin ba, kotu ta same ta da sakaci a 1999. Diyyar ta durƙusar da ita, har ta sayar da hedkwatarta ta Landan ta koma Cardiff.

To mu fa? Damben zamani a Nijeriya yana da hukumarsa tun 1949, a kan tsarin Birtaniya, kuma ƙasar ta ba da zakarun duniya irin su Hogan Bassey a 1957 da Dick Tiger a 1962. Haɗarin ma bai tsallake mu ba. A Maris na 2025 ɗan damben Nijeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Bukom da ke Akra, ya rasu, har gwamnatin Ghana ta kafa kwamitin bincike. A Nijar, gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a 1975, da hannun gwamnati ake yin ta, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokawa 10, kuma ta nuna ana iya tsara wasan gargajiya ba tare da an kashe armashinsa ba. Sai dai a kokawa ba a bugun kai, sannan a can mai shirya gasar da mai sa ido kusan hannu ɗaya ne.

Damben gargajiya shi ne ya fi bukatar wannan magana. Kada wani ya ce ba shi da tsari. Akwai mai gidan dambe, akwai alƙali mai raba turmi, akwai shugabannin ɓangarori na Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, akwai dattawan da in sun ce kada wane ya sa zare da wane, an gama. Wannan tsari ne ya raini Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Amma an gina shi ne lokacin da dambe na kaka ne, a yi bayan girbi a huta. Yau akwai gidajen da ake yi kusan kullum, a Kano, a Dei-Dei ta Abuja, a Legas, ga kyamara, ga kuɗin intanet. Yaron da aka kashe da mummunan bugu a wani gari yana iya hawa mota ya sa zare a wani garin kafin mako ya zagayo, kuma babu takardar da za ta riga shi isa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari.

In wata majalisar jiha za ta kafa hukuma, shawarata ita ce ta zama ƙarama. Mutum 5 sun isa: likita wanda ƙungiyar likitoci za ta ba da sunansa, lauya, tsohon ɗan dambe da ya ajiye kara, wakilin masarauta, da mai sanin lissafin kuɗi. Wa'adinsu kada ya ƙare rana ɗaya, kada kuma ya zo daidai da na gwamna. Mai gidan dambe a saurare shi, amma kada ya zauna a kujera. Ban kuma goyi bayan a kwafo dokokin Las Vegas a juye mana ba. Rabin daɗin dambenmu shi ne ƙaramin jiki ya kashe ƙato, kuma in aka tsananta awon nauyi irin nasu, wannan ya tafi. A bar ƙwararrun gida su haɗa wasa, hukuma ta riƙe ikon hana wanda bambancinsa ya yi muni ko wanda aka sa yaro ƙarami a ciki.

Aikin farko ba gini ba ne, ba motocin shugabanni ba ne, rajista ce. 'Yan dambenmu da laƙabi aka san su, Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, kuma laƙabi ɗaya yana iya hawa kan mutum uku. Sai an haɗa kowa da hotonsa da lambar shaidarsa ta ƙasa kafin dakatarwa ta yi aiki. A Amurka galibi kwana 30 ake ba wanda alƙali ya tsayar masa da wasa, 60 ga wanda aka sumar. Da wayar hannu kaɗai jihohin Kano da Katsina da Zamfara da Sakkwato da birnin Abuja za su iya musayar wannan jeri kowace safiya.

Sai dai akwai tambayar da 'yan'uwana na can baya za su jefo mini, kuma da gaskiyarsu: wanda aka zaunar kwana 60, wa zai ci da iyalinsa? In ba a amsa ta ba, zai sauya laƙabi ya tsallaka inda ba a san shi ba, ko ya ɓoye ciwon kai da jiri don kada a rubuta sunansa. Kalifoniya tun farkon shekarun 1980 take da asusun fansho na 'yan dambe, kuma ana cire ɗan wani abu daga kowane tikiti ana zubawa a ciki. Mu kuma muna da ajo, inda ake shirya wasa a tara wa ɗan dambe gudummawa. Ana iya cire ƙayyadadden kaso daga kuɗin ƙofa a kowane gida, a zuba a asusun da ba mai gida ke riƙe da shi ba, a riƙa ba wanda likita ya zaunar wani abu duk mako har wa'adinsa ya cika. Nawa za a cire, da wa zai sa hannu kafin a fitar, wannan sai an zauna da masu gidaje da shugabannin ɓangarori, kuma ina so in ji ta bakinsu a lokacin tambayoyi.

Shugaba, a nan zan dakata.